Mas'alar Wurin Shaƙatawa a Sabuwar Cibiyar Birni

Yana daga cikin al'adun wannan zamani cewa duk sa'ad da hukuma, ko kuwa wasu attajirai da suka haɗa jari, suka ƙudurta gina sabuwar unguwar kasuwanci a tsakiyar birnin Kano, to kafin a aza bulo ɗaya sai an fara kafa wani ƙaton allo a bakin titi, wanda aka zana masa benaye masu gilashi, da tituna waɗanda ko leda ɗaya babu a kansu, da sararin samaniya garau wanda bai taɓa jin labarin hazon hunturu ba. Can kuma a wata kusurwa sai ka ga an shafa kore shar, an rubuta cewa nan ne wurin shaƙatawar jama'a, an kuma zana wani magidanci da uwargidansa da 'ya'ya biyu rak suna tafe kafaɗa da kafaɗa. Daga adadin 'ya'yan nan kaɗai mai basira zai fahimci cewa mai zanen baƙo ne a garin. Benayen dai ba su da gardama, titunan ma haka, domin ba a taɓa jin mutum biyu sun yi saɓani a kan halaccin shago ba. Wannan koriyar kusurwa ita ce mas'ala, kuma dominta ake naɗa kwamiti.

Kafin mu shiga zauren kwamitin, wajibi ne mu gabatar da wata muƙaddima game da ɗabi'armu, wadda in ba a riƙe ta ba, ba za a gane kan muhawarar ba. Babu wata al'umma a bayan ƙasa da ta fi mu son kallo. Idan 'yan adaidaita sahu biyu suka gogi juna a gindin gadar Ƙofar Nassarawa, kafin su gama ambaton iyayen juna mutum ɗari sun taru, mai rake ya jingine baronsa ya fara ciniki, har wanda aka aika sayo wa majinyaci magani ya samu wuri ya tsaya da ledar maganin a hannu. Amma tare da haka akwai wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta a kowane littafi ba, alhali kuwa an yi ijma'i a kanta tun daga Fagge har Gwale, ita ce: kallon da ya riske ka a kan hanya ƙaddara ce, kana iya tsayawa har rana ta faɗi mutuncinka yana nan daram, kallon da ka yi wanka, ka shafa turare, ka yanki tikiti dominsa kuwa, wannan ya tabbatar da niyya, kuma shi ake kira shashanci. Saboda haka aikin kwamiti, in an bi diddigi, shi ne ya samo wa mutane wurin da za su je da gangan amma a ga kamar hanya ce ta biyo da su.

Ba yau aka fara wannan dambarwa ba. Gidan silima na Rex, wanda aka buɗe a 1937, can bayan ganuwa aka ajiye shi, ta nahiyar Sabon Gari, inda mutumin birni zai iya cewa sayen ƙusa ya je dare ya yi masa. Da aka yi ƙarfin hali aka gina Palace a cikin birni, daura da kasuwar Kurmi, a 1952, sai gari ya ɗauki zafi, malamai suka yi inkari, samari suka yi jifa. Amma duk da haka gidan bai rasa masu shiga ba har tsawon shekara 30, kafin Gwamna Sabo Bakin Zuwo, a cikin 'yan watannin da ya yi yana mulki a 1983, ya rufe shi aka mai da shi asibiti. Su wa suka riƙa cika gidan a duk waɗannan shekaru, tun da kowa a birni ya rantse bai taɓa leƙawa ba? Sai dai ko aljanu. Haka nan a 2016, da gwamnatin tarayya ta ce za ta kashe naira biliyan 3 ta gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa ta ƙasar Bebeji, aka yi mata ca daga mumbari zuwa rediyo zuwa Facebook, har ta janye. Hukuncin wannan al'amari na ma'abota ilimi ne, kuma sun kawo hujjojinsu, ni ba tsaransu ba ne. Abin da kawai idona ya gane mini shi ne, da yawa daga cikinmu mu mabiya, waɗanda muka fi kowa ɗaga murya da rana, da aka idar da sallar Isha'i sai muka yi ta sauri zuwa gida don kada kashi na gaba na fim ɗin da muke bi ya wuce mu. Garin da ya kori ƙauyen fim shi ne dai garin da sana'ar fim ɗin Hausa take amsa sunansa.

To, irin wannan kwamiti ba ya rasa tsohon babban sakatare mai ritaya a kujerar shugabanci, da wani Alhaji daga Kantin Kwari wanda rabin kuɗin aikin nasa ne, da Malam wanda aka gayyato don albarka, da Hajiya guda ɗaya wadda aka sa don kada a ce ba a sa mata ba, da kuma wani matashin injiniya da ya yi karatu a Malesiya, wanda shi kaɗai ya zo da kwamfuta, shi kaɗai kuma ya ɗauka cewa abin da aka rubuta a takardar gayyata shi za a tattauna.

Bayan addu'a da rabon ruwan roba, injiniya ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a ganina abu na farko shi ne gidan silima na zamani, mai ɗakuna uku."

Alhaji ya dafe ƙirji. "A'uzu billahi! Kai yaro, a tsakiyar gari? Da kuɗina? Ka san abin da finafinan nan suka mai da 'ya'yan mutane kuwa?"

Bai rufe baki ba sai wayarsa ta ɗauki ruri daga can ƙarƙashin babbar riga, kuma kiɗan da ta saki ba wani ba ne face na wani tsohon fim ɗin Indiya wanda duk wanda ke ɗakin, in ka cire injiniya, ya san shekarar da ya gan shi da layin da ya zauna. Alhaji ya laluba aljihun riga, ba ta nan. Ya laluba na 'yar ciki, ba ta nan. Sarewa tana ta tashi, shugaba yana kaɗa yatsa a kan tebur ba da saninsa ba, har dai aka kamo ta a aljihun wando. Ya kashe, ya gyara hula, ya ce, "Jikokin nan ne, wallahi, ba sa barin wayar mutum." Kowa ya ce haka yaran yanzu suke. Malam kuwa, wanda shi aka zaci zai fi tsanani, sai ya ce mas'alar tana da tafsili, domin hukuncin yana rataye ne da abin da za a nuna, da yadda za a zauna, da lokacin da za a tashi. Amma ba wanda ya zo neman tafsili, kowa so yake a gan shi yana ƙi, don haka aka ce, "Allah gafarta Malam, ai toshe ƙofar ɓarna ya fi," aka mayar masa da karatunsa, aka soke silima.

Daga nan shugaba, cikin murya ƙasa-ƙasa kamar mai ba da haƙuri, ya ce ko za a duba batun filin dambe, tun da dai wasan gargajiya ne. Nan take fuskoki suka washe. Mutanen da tun safe suke hamma sai ga su sun gyara zama, wannan ya ce 'yan damben ɓangaren Kudu ba su da na biyu a bana, wancan ya ce ai in ɓangaren Jamus suka fito kowa ya kama kansa, Alhaji ya tashi tsaye ya naɗe hannun riga yana kwatanta yadda wani ɗan Guramada ya yi kisa a turmin farko, har ya kusa kifar da kwamfutar injiniya. Rabin sa'a aka kwashe a haka, kuma ya bayyana cewa babu ɗan damben da ya ɗaura zare a garin nan wanda dattawan kwamiti ba su san shi ba, da ubangidansa, da makaɗinsa. Sa'an nan sai hankali ya komo. Aka yi gyaran murya, aka tuna cewa dambe asalinsa wasan mahauta ne, kalangu da ƙura ba su dace da benayen gilashi ba, kuma baƙi daga ƙasashen waje za su ɗauka ba mu waye ba. Magatakarda ya rubuta cewa kwamiti bai ga dacewarsa ba. Aka bar dambe inda yake a Sabon Gari, domin 'yan kwamiti su ci gaba da rashin zuwa can kowace la'asar.

Gidan kallon ƙwallo bai ɗauki lokaci ba. An yarda cewa ƙwallo ta samu gindin zama, tun da Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma filin wasa na Ƙofar Mata ya isa shaida. Amma aka ce ba za a gina wa samari ɗaki mai sanyi don su fasa wa juna kai a kan Barcelona da Real Madrid ba, alhali mutanen Sifaniya da abin ya shafa suna can suna barcinsu. Wurin ninƙaya kuwa, injiniya bai kai ƙarshen jimlarsa ba salati ya rufe ta.

Sai aka zo kan lambu, wanda shi ne asalin abin da aka shafa wa kore a jikin allo, kuma a nan ne muhawara ta yi zurfi, domin lambu ba shi da wani aibi a zatinsa, itatuwa ne da ciyawa, sai dai aibin da muka san za mu kai masa. Tambayar farko ita ce ta benci: wa zai zauna, kuma da wa? Aka ce a yi na maza daban na mata daban. Aka ce to mai iyali fa? Aka ce mai iyali ya zo da shaida. Aka ce wace shaida, tun da galibin aurenmu shaidarsa goro ne da alewa, an kuwa cinye su tun ranar. Wani ya kawo shawara a gajarta bencin ya zama na mutum ɗaya, wani ya ce in haka ne ai kujera ke nan, kuma kujera ana iya jawo ta kusa da wata. Aka koma kan itatuwa, aka ce masu duhuwa suna tara masu zance da dare, tsamiya kuma an san masu zama a kanta, saboda haka a shuka waɗanda ba su da inuwa. Ciyawa tana son ruwa, unguwar da ke maƙwabtaka kuwa a wurin 'yan garuwa take saye, ba zai yi kyau a ga ana shayar da ciyawa mutane suna kallo ba.

A nan ne Hajiya, wadda tun da aka zauna ba a nemi jin ta bakinta ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni tambayata ɗaya ce. In an yi lambun, cikinku wa zai kawo iyalinsa?"

Ɗaki ya yi tsit, domin ta taɓa inda ke ciwo. Bahaushe, Allah ya jiƙan iyayensa, idan jirgi ya sauke shi a Dubai ko Jidda, za ka gan shi a cikin manyan kantuna yana tura keken jariri, jakar uwargida a kafaɗarsa, yana tambayarta cikin tattausar murya ko ta gaji a zauna a sha wani abu mai sanyi, har ya roƙi wani Bafilipine ya ɗauke su hoto. Amma da zarar ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, sai ya miƙa mata jakarta, ya ba ta tazarar taku goma, ya ɗaure fuska kamar bai taɓa ganinta ba, domin kada wani ɗan majalisarsu ya hango shi gobe a wayi gari ana kiransa mijin-ta-ce. Tsoron wannan laƙabi ya fi tsoron talauci a zukatan mazajen garin nan, kuma shi ya kashe lambu tun ba a shuka shi ba. Shugaba ya ce maganar Hajiya abin dubawa ce, wanda a harshen kwamiti ma'anarsa an binne ta.

Aka ce to a yi wa yara wani abu, tun da yaro ba a tuhumarsa da niyya, kuma babba yana iya fakewa da shi ya hau lilo. Wani ya ce a kawo namun daji. Aka tuna masa cewa akwai gidan zu tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, a farkon shekarun 1970, wanda ke cika maƙil da Sallah sa'an nan ya huta sai wata Sallar. Aka kuma tuna labarin da ya game duniya a 2019, cewa wai goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na cinikin Sallah a gidan, kafin daga bisani hukuma ta bayyana cewa babu ma goggon biri a wurin. Alhaji ya ce shi ba zai zuba jari a sana'ar da dabbar da ba ta nan take iya cin riba ba, balle wadda take nan.

Ɗakin karatu shi ne abu ɗaya da ya samu amincewar kowa ba tare da ko tari ba. Kowa ya yi jawabi a kan falalar ilimi, aka ambaci Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello da ɗimbin littattafan da suka wallafa, aka yi takaicin yadda matasa suka bar karatu, har idon shugaba ya kawo ruwa. Bayan haka aka ware masa wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala, kusa da inda za a ajiye janareta.

Ana shirin tashi hannu rabbana sai Alhaji ya ce, "Wai ni kam, me zai hana a yi ɗakin taron biki?"

Subhanallahi, sai ka ce an ɗauke wa mutane dutse daga ƙirji. Ga shi dai duk abin da aka ƙi tun safe yana cikin wannan ɗaki: akwai kiɗa, da na'urar da ke girgiza gilashin maƙwabta har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, akwai majigi a bango yana nuna ango da amarya a tsaye a bakin wani ruwa da ba su taɓa zuwa ba, akwai cakuɗuwar da aka ji tsoro a kan benci, sai dai a nan an yi mata anko, akwai ma dambe, in aka zo rabon abinci. Amma duk wannan ya halatta a urfinmu, saboda wanda ya je biki ba a cewa ya je nishaɗi, zumunci ya je, kuma gayyatarsa aka yi, ba shi ya kai kansa ba. Dattijon da zai ga baƙin cikin duniya in aka ce an gan shi a ƙofar silima, shi ne za ka gani a tsakiyar fili an sa shi a gaba da kirari, yana liƙa sababbin 'yan ɗari biyar-biyar a goshin ango ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan rausayawa kaɗan yadda ba za a ce ya yi rawa ba, yana kuma satar kallon mai ɗaukar hoto don ya tabbata an ɗauka. Aure sunna ne, wannan ba mai ja. Amma kamu da dina da wunin ƙauyawa da sauran ranakun da ake ƙirƙiro wa suna kowace shekara, waɗannan sai a nemi asalinsu a wurin masu hayar ɗaki da masu ɗinki. Injiniya ya ce ai ɗakunan biki sun yi yawa a gari, ba titin da babu. Alhaji ya ce, "Yaro, ka taɓa jin ranar Asabar ɗin da ɗaya ya kwana ba kowa?" Aka amince, har da kabbara.

Ɗakin biki ya ci rabin koriyar kusurwar, saura rabi. A kan wannan ba a yi muhawara ba, domin akwai wata sunnar gari da ta riga kwamiti, wadda ta cinye kududdufai, ta cinye filayen makarantu da jikin ganuwa da gefen maƙabartu: duk filin da ya kwana uku ba gini a kansa, shaguna yake nema. Aka ce a yi layi biyu na wucin gadi, kuɗin hayarsu ya taru a gina lambun da shi nan gaba. Injiniya ya buɗe kwamfuta ya goge koren, ya ja layuka, ya ƙirga, ya ce za su ba da shago arba'in, in an matse masallaci kaɗan arba'in da huɗu. Malam ya ce masallaci dai a bar shi yadda yake. Aka tsaya a arba'in.

Abin da ba ya cikin taswira, ba a kuma kafa masa kwamiti ba, shi ne mai shayi. Tun ana haƙa harsashi zai zo ya kafa teburinsa a inda aka tanada don ajiye motoci, ya jera gwangwanayen madara da burodi da ƙwai. Mai tsire ya biyo shi da tukubarsa, mai dara ya haƙa gurabunsa a gefe, wani ya kawo tabarma, wani ya kawo benci irin dogon nan da kwamiti ya kasa yanke hukunci a kansa. Kafin a gama rufin bene na farko majalisa ta kafu, kuma bayan Isha'i a nan za ka tarar da shugaba da Alhaji da magatakarda, kowa ya ce wucewa ya zo yi aka tsai da shi, suna nan har sha biyun dare suna kallon masu shiga biki da masu fita, suna ƙididdige wadda mayafinta ya gaza da wanda motarsa ta aro ce, suna kuma jajanta wa juna cewa gari kamar Kano a ce babu wurin da mutum zai je ya huta kamar yadda ake yi a Dubai.

Rahoton kwamiti ya fito da shafi sittin, kuma shawararsa ta ƙarshe ita ce, tun da bukatar wurin shaƙatawa tana nan ba ta gushe ba, a tanadi fili na musamman dominta a sabuwar unguwar da za a gina nan gaba, a kuma bar wannan kwamiti ya ci gaba da aikin saboda ƙwarewar da ya samu. Da aka zo sa hannu, Alhaji ya jawo injiniya gefe ya ce, "Ɗana, wancan filin na gaba, in ka zo shafa koren, ka shafa shi ta bakin titi. Kuma shagunan kwana guda biyu nawa ne, kada ka ba kowa."